Ta'aziyyar da Na Ɓata a Guangzhou

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban huta da tambaya ba. A masallaci tambaya, a bakin rumfa tambaya, har wurin ɗaurin aure sai wani ya jawo ni gefe ya ce, "Alhaji, wai da gaske suna cin kwaɗo?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura kullum abin dariyar nake ba mutane, in bar abin da ya fi tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan bokon da nake da shi, wanda bai wuce elementare ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Sana'ata sayar da kayan kamun kifi ce a Kano: koma, ƙugiya, zare da darma. Masunta daga Haɗeja da Yawuri da Baga duk suna zuwa wurina. Na daɗe ina saye a hannun 'yan Legas, sai wata rana na duba jikin buhu na ga ashe kayan daga Sin suke fitowa. Na ce to me zai hana in je gindin bishiyar da kaina? 'Ya'yana suka ce na tsufa da irin wannan tafiya. Ban saurare su ba. Rashin sauraro tsohon halina ne, kuma za ku ga inda ya kai ni.

Na tashi a shekarar da ta biyo bayan mayar da Hong Kong hannun Sin. Daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Addis Ababa, daga nan muka yi ta tafiya a sama har na daina gane sallar da ake bina bashi. A Hong Kong na sauka. Na zaci tunda ƙasa ɗaya ce yanzu sai dai in wuce kai tsaye, ashe iyaka na nan daram. Jirgin ƙasa ya kai mu bakin wata gada, kowa ya sauka ya ɗauki kayansa a ka ko a kafaɗa, aka tsallaka da ƙafa kamar masu shiga Maraɗi ranar kasuwa.

A can ƙetaren ne ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata. Kilishina ya fara cirowa, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar ya tsinci tsohuwar fata, ya ajiye a gefensa. Wannan ya tafi ke nan. Sai ya kwance ƙullin yaji ya kai hanci. Na ɗaga hannu zan hana shi, amma kafin in yi magana ya shaƙa. Atishawar da bawan Allah ya yi ta yi sai da abokan aikinsa suka taru suna dariya. Da ya zo kan goro na ga shi ma zai bi kilishi, sai na ɓare ɗaya na jefa a baki na tauna a gabansa, na miƙa masa ɓari. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya yi mini alamar in kwashe tsiyata in tafi.

Wanda ya tarbe ni a tashar Guangzhou shi ne Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi a Ghana, wanda wani maƙwabcina a kasuwa ya haɗa ni da shi. Aikinsa loda wa 'yan kasuwa kaya a jirgin ruwa. Ya girmi babban ɗana da kaɗan, ga Turanci, ga ɗan Sinancin ciniki, ga tsokana. Yana ganina na saki baki ina kallon jama'ar da ke ƙofar tashar ya ce, "Baba, ina kirarin nan naku na Kanawa, wai ko da me ka zo an fi ka? To yau ka zo inda aka fi ku." Ban musa ba. Ban taɓa ganin mutane haka ba sai a Arfa.

Ya sauke ni a wani masauki mai araha kusa da tashar. Kowane hawa akwai mace zaune a bakin matakala, makullan ɗakuna duk a hannunta, ita za ta buɗe maka ita za ta rufe. Kowace safiya takan ajiye mini fulas na ruwan zafi, don su ba sa shan ruwan sanyi ko ana zafin da ya kai na Azare. Gadon kuwa, da shi da dandamalin siminti ba su da maraba. Abinci sai a shagunan Musulmin ƙasar, masu rubutun Larabci a ƙofa, inda ake murza taliya da hannu a gabanka. Ranar farko aka kawo shayi da wani kwano babu komai a ciki. Na tsiyaya na kurɓa. Mumuni ya kama ciki don dariya. Ashe wannan na farkon na ɗauraye kofi da tsinkayen cin abinci ne, a zubar a kwanon. Ya kuma koya mini in an zuba maka shayi ba sai ka yi magana ba, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kalmomi uku na iya kafin in dawo: nihaw, wato sannu, lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Ta ukun na fi ji.

Masana'antar koma tana Panyu, kudu da birnin, cikin gonakin ayaba da ƙananan rafuka. A ofishin lawban muka tarar da wani ƙaton mutum mai faɗin fuska da baƙin gashi miƙaƙƙe, ya fara furfura, yana zaune ya riƙe wani yankin koma. Na ɗauka ɗan ƙasa ne, na ce masa nihaw da ƙarfi don in nuna na iya. Ya dube ni ya amsa da Turanci cewa shi ma baƙo ne, kuma ni ne mutum na farko baƙar fata da ya yi masa wannan kuskuren, amma Sinawa kullum sai sun yi. Sunansa Jo. Daga Amurka ya zo, wani ƙaramin kamfanin kayan masunta ya aiko shi, an saƙa masa koma da idon da bai yi daidai ba, yana jiran a sake. Na karɓi yankin na sa yatsu a idon, na ce wannan ai har 'ya'yan kifi zai kwashe. Da Mumuni ya fassara masa sai ya miƙo mini hannu. Ashe ma masaukinmu ɗaya, hawa ɗaya. Daga ranar tare muke zuwa Panyu, tare muke cin taliya.

Ni a sanina Ba'amurke ko fari ne ko baƙi. Na tambaye shi shi wane iri ne. Ya ce shi daga mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar ne, ƙabilarsa ana ce mata Wailaki. Ya ce sunan ma ba su suka raɗa wa kansu ba, maƙwabtansu ne suka sa musu, ma'anarsa masu harshen arewa. Na ce to ai ni da kai duk 'yan arewa ne. Wannan ta ba shi dariya ƙwarai.

A hankali, rabi da guntun Turancina na kasuwa, rabi ta bakin Mumuni, na ji labarinsu. Ƙasarsu tana arewacin Kalifoniya, cikin duwatsu, a bakin wani kogi da ake kira Eel da rassansa. Ba su taɓa yin sarki babba ko birni mai ganuwa ba. Ƙananan ƙauyuka ne jere a gaɓar ruwa, kowane da nasa yanki na kogi da na dutse. Akwai wani kifi mai jan nama da ake ƙyanƙyashewa a kogin, ya gangara teku ya girma, sa'an nan ya hayo ruwa ya dawo daidai inda aka haife shi, ya yi ƙwai ya mutu. Shi suke kamawa su busar. Tuwonsu kuwa daga 'ya'yan wata itaciya ne masu ɗaci, a daka, a yi ta zuba ruwa har ɗacin ya fita, kamar yadda ake yi wa rogo mai ɗaci, a dama. Ya ce mazansu na dā sukan bi barewa da ƙafa har ta gaji ta tsaya. Matansu kuma suna da zane a haɓa. Na nuna masa tsagar da ke kumatuna na ce mu ma ba a bar mu a baya ba.

Sai Turawa suka shigo da shanu, aka mamaye wuraren da suke tsintar abinci. Yunwa ta sa wasu suka yanka shanun, masu shanu kuma suka ɗauki bindiga suka bi ƙauyuka. Aka kashe manya, aka kwashi yara ana sayarwa su yi bauta a gidaje. Kakar mahaifiyarsa tana cikin yaran da aka ɗauka, daga baya ta gudo. Waɗanda suka rage aka kora su wani kwari da ake kira Round Valley, aka haɗa su da wasu ƙabilu da ba sa jin harshen juna, wasu ma tsoffin abokan gaba ne, aka ce nan ne gidanku. A can aka haifi Jo. Na tambaye shi su nawa ne a dā. Ya ce masu bincike ba su daidaita ba, wasu sun ce dubu ɗaya, wasu sun ce sun kai dubu uku, amma lokacin da kakarsa take budurwa da aka ƙirga, kimanin ɗari biyu aka samu. Muna zaune ne a bakin titi, kekuna suna wucewa kamar fari. Na ce a raina, waɗanda suka wuce ta gabanmu tun da aka kawo shayin nan sun fi al'ummar mutumin nan gaba ɗaya.

Wadda ya fi yawan ambata ita ce mahaifiyarsa. Ya faɗa mini sunanta, ya nuna mini hotonta, 'yar tsohuwa zaune a kan kujera da bargo. Ya ce tana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu tuna wasu kalmomi na harshensu, kuma ya baro ta ba lafiya, shi ya sa jinkirin lawban yake ci masa rai. Amma sauran, kakarsa da wadda aka sace, bai taɓa kiran sunansu ba. Sai dai ya ce uwar uwata, ko wadda ta gudo. Na taɓa tambayarsa sunan kakar, ya yi kamar bai ji ba, ya miƙo mini barkono. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a nan. Ni ban tsaya ba.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, matar da ke riƙe makullai ta tare ni a matakala, ta nuna ɗakin Jo, ta sa hannu a kunne alamar waya, ta ja yatsa daga ido zuwa kumatu. Na gane. Na aika aka kira Mumuni, ya shiga ya fito ya ce tsohuwar ta cika. 'Yan'uwan sun ce za su jira shi zuwa Asabar, ba za su wuce haka ba. An samar masa kujera a jirgin da zai tashi daga Hong Kong washegari da rana, in ya rasa shi babu wata sai mako mai zuwa, don lokacin babban bajekolin birnin ne, baƙi sun cika ko'ina. Jiragen ƙasa ma duk an saye tikitinsu. Amma Mumuni yana da motar kaya da za ta je bakin iyaka da sassafe, ya ce zai ba shi gidan gaba.

Da na bari a nan da komai ya tafi daidai. Sai na ce a'a, ba a barin mutum shi kaɗai da mutuwa, balle a baƙon wuri. Na bi ɗakuna na tattaro Hausawan da ke masaukin, Kanawa biyu da wani Bazindire, muka cire takalma muka shiga muka zauna a ƙasa. Jo ya dube mu, idonsa ya kawo ruwa. Na ga abin ya yi masa daɗi. A matsayina na babba na buɗe baki, Mumuni yana fassarawa. Na ba shi haƙuri, na ce duk mai rai mamaci ne. Sai na kira sunan tsohuwar. Na ce wance ta yi abin da ya kamata, wance ta riƙe harshen iyayenta. Na ga fuskarsa ta canja, na ɗauka baƙin ciki ne, na ƙara himma. Na juya ga abokan zamana na ce kowa ya faɗi sunan ya riƙe, don a san ta har Kano da Damagaram. Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya.

Jo ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya isa. Ku fita."

Muka fito muna kallon juna, ya rufe ƙofa. Bayan ɗan lokaci Mumuni ya koma ya yi magana da shi ta bakin ƙofar, ya dawo ya same ni a ɗakina. Wannan karon babu tsokana a bakinsa. Ya ce, "Baba, ka yi ɓarna. A gidansu ba a kiran sunan wanda ya mutu. Uwar ce da kanta ta hore su da haka. Ya ce kamar ka kama mutum yana kan hanyarsa ka fizgo shi baya ne, kuma cin fuska ne ga danginsa. Kai kuma ka sa mu biyar, har da ni da kai, mun yi." Ya ce Jo ya ce ba ya son motarmu, ba ya son komai daga hannunmu, da safe zai je tasha da kansa. Na ce zai samu tikiti? Mumuni ya ce ko ɗan ƙasa ba zai samu ba, balle wanda ba ya jin ko meyo. In ya tsaya a layin nan jirginsa zai tashi ya bar shi, a binne uwarsa ba ya nan.

Na yi shekara sittin da wani abu a duniya, na ɓata wa mutane da yawa da bakina, amma ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Na tashi na je ƙofarsa na zauna a ƙasa. Mai makullai ta kawo mini kujera, na ƙi. Na ce wa Mumuni ya tsaya kusa, amma kada ya gyara mini magana, yadda na faɗa haka zai juya.

Na ce, "Jo, ni ne tsohon nan marar hankali. Ba na ce ka buɗe ba. Ka ji kawai." Na ce, "Ni ɗan fari ne a wurin uwata. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce. Tun da ta haife ni har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In wani yaro mai sunana ya shigo gidanmu, sai ta laƙaba masa wani. Wanda ya tashi a irin wannan gida bai kamata a koya masa cewa suna yana da nauyi ba. Na sani, na manta, don ina son a ga na iya ta'aziyya. Laifin nawa ne. Motar kuwa ba tawa ba ce, ta Mumuni ce, shi kuma bakina kawai ya ara. Kada ka bar tsohuwa tana jira saboda ni. In ganina ne ba ka so, ba zan fito ba sai kun tafi."

Na zauna a nan har na fara jin ƙafata ta mutu. Aka kira magariba a zuciyata, don a can ba ka jin ladan. Sai na ji motsin makulli. Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya dube ni a ƙasa.

Ya ce, "To da me take kiranka?"

Na ce, "Kai, yaron nan. Har na yi furfura."

Ya ɗan yi wani abu mai kama da murmushi. Ya ce, "Tawa in ta kira sunana daga bakin ƙofa, har ƙarshen kwarin ana ji." Ya goge fuska da tafin hannu. Sa'an nan ya dubi Mumuni ya tambaye shi yaushe motar za ta tashi.

Bayan asuba muka kama hanya. Na ce zan zauna a masauki kamar yadda na yi alkawari, Jo ya ce in shigo. Ni da Mumuni muka takure a baya kan katan-katan, shi yana gaba. Hanya ce mai kyau, masana'antu dama da hagu, wasu an gama wasu ana ginawa a kan gonakin da aka nome bara. Da muka isa bakin gadar nan da aka ƙwace mini kilishi, na riƙe masa jaka har inda aka yarda mai rakiya ya tsaya. Na tambaye shi, tunda na ɓata ta farko, yaya ake yi a wurinsu in ana so a yi wa mutum gaisuwa. Ya ce ba a cewa komai da yawa. Ka zo, ka zauna, in an kawo abinci ka ci. In dole sai ka ambace ta, ka ce wadda ta tafi.

Na ce, "To, Allah ya ba ka haƙurin wadda ta tafi."

Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya sa kai cikin jama'a. Da yake ya fi su tsawo na daɗe ina hango ƙeyarsa.

Sauran kwanakina na ƙarasa su a Panyu da tashar jiragen ruwa. Lawban ya yi mini koma mai kyau, har ya kai ni cin abinci, na ƙi taɓa komai sai shinkafa da kifi, ya yi ta mamaki. Na yi Juma'a a wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, wanda aka ce ya girmi ganuwar Kano, na ga tsofaffin Sinawa da farar hula suna jan carbi. Amma hankalina yana kan jirgin nan, ko ya same shi ko bai same shi ba.

Ana jibi zan taso ina ofishin Mumuni waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya saurara, ya miƙo mini. Muryar Jo ce, tana zuwa daga nesa, tana yankewa. Abin da na iya tsinta da guntun Turancina shi ne ya isa ranar Juma'a da yamma, sun jira shi, shi ya fara zuba ƙasa. An sa ta kusa da uwarta, a gefen tudu. Ya ce ruwan kogin ya ja baya bana, amma an ga kifi ya fara hawowa.

Sunan tsohuwar yana nan a kaina, ban manta ko harafi ɗaya ba. Kanawan nan biyu da Bazindiren na bi su ɗaya-ɗaya kafin in taso, na roƙe su su bar shi a inda suka ji shi. Ni ma tun daga ƙofar ɗakin nan ban sake furta shi ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.